Wanda Ya Ɗauki Kular Rumaisa

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Laraba na buɗe firjin ƙungiya, na tarar da robar ruwa biyu da rabin albasar da wani marar tsoron Allah ya manta tun azumi. Alluran insulin goma sha biyu da na jera da hannuna jiya da yamma, ko ɗaya babu. Na leƙa ƙarƙashin tebur inda jar kularmu take zama, ita ma ta bi su, har da takardar izinin da na liƙa a murfinta. Ƙofa kuwa a kulle na same ta, kwaɗon lafiyarsa lau. Na fita na sanar da jama'a.

Sunana Saudatu. Haɗa magunguna na karanta a gida, na zo Kuala Lumpur neman digiri na uku, kuma tun ranar da na yi suɓul da baka na ce na san magani, ƙungiyar ɗalibanmu ta unguwar Pantai Dalam ta rataya mini firjin nan a wuya. Ɗakin ƙungiyar wani ɗan shago ne a ƙasan benen da yawancinmu ke haya. A nan muke taro, a nan yara ke islamiyya, a nan ake faɗa a kan wanda bai wanke kofuna ba.

Maganin na Rumaisa ne, yarinyar da mutum ɗaya ne tak a cikinmu ya taɓa ganin fuskarta. Bahaushiyar Sudan ce, jikar mutanen da suka nufi Makka da ƙafa suka zauna a hanya. Yaƙi ya koro ta, ta zo neman mafaka, aka kama ta tana wanke-wanke a bayan wani gidan abinci a Bukit Bintang, aka kai ta sansanin tsare baƙi da ke wani tsibiri. Dakta Zulkiflu, wanda likita ne a gida amma a nan ɗalibi ne kamarmu, yana bin wata ƙungiyar likitocin agaji zuwa can duk Laraba a matsayin tafinta. Shi ya ji ta tana nishi da Hausa a layin marasa lafiya. Ciwon suga gare ta tun tana ƙarama, irin wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Maganin sansanin ya ƙare. Wanda muka aika makonni uku da suka wuce an bar shi kwana biyu a ofishin bakin ƙofa ƙarƙashin kwano, zafi ya kashe shi. Takardar neman a kai ta asibiti kuwa tana kan teburin wani, Allah kaɗai ya san abin da aka ɗora a kanta.

Larabar da ta wuce Dakta ya dawo bai yi wa kowa wasa ba. Ya ce Rumaisa ta rame, leɓɓanta sun tsage, ba ta rabo da kofin ruwa, kuma idan ta ƙara mako guda a haka ba ya jin zai same ta a layi. Jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa tsibirin a mako. Motar likitocin ƙarfe goma sha biyu take tashi. Nemo wasu alluran ba zai yi amfani ba, domin lambobin waɗannan goma sha biyun ne a jikin takardar izinin, kuma sai da muka yi kwana tara muna sintiri kafin a buga mata hatimi.

* * *

Kafin takwas baranda ta cika. Mutanenmu, Allah ya shirye mu, ba sa jin an yi sata su tsaya su yi salati tukuna. Kowa da ɓarawonsa yake zuwa a aljihu. Wasu suka ce Ciyaman Fatihu ne, ai jiya a taro ya buga tebur ya ce hulɗa da tsibirin nan sai ta ja wa kowa kora. Wasu suka ce Muntasir ne, saurayin nan na unguwar Sri Petaling da ke karatu a kwaleji mai zaman kanta, wanda laifinsa biyu ne, yana da mota kuma askinsa bai yi musu ba. Wata baiwar Allah ma ta ce a fara da ni, tunda ni na fara gani.

Ana cikin wannan sai ga Malam Ɗanladi ya sauko daga bene da butarsa.

Shekara biyu muna zaune tare da mutumin nan, ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. Kansa kullum a ƙasa yake. Mukan tsokane shi mu ce maɓallin rigarsa ne ya faɗi a filin jirgin Kano, har yau yana nema. Ilimin ƙasar noma yake karantawa, mun ɗauka shi ne dalili. Ba mu san mahaifinsa ne ake kira ya bi sawu idan ɓarayi sun kore shanu a ƙauyuka bakwai ba, kuma tun yana ɗan shekara shida yake bin tsohon da gora a kafaɗa.

Ya ji abin da ya faru, ya ajiye buta, ya roƙi kowa ya koma bayan layin takalma. Ba wanda ya motsa, sai da Dakta Zulkiflu ya maimaita da Turanci. Sannan ya tsuguna a bakin ƙofa, ya karkata kansa har kunnensa ya kusa taɓa siminti, yana kallon ƙasa ta inda hasken safiya ke shigowa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ni ya tambaya me aka zuba a kular kafin magani.

Na ji kunya, amma na faɗa. Zoɓo ne, na sunan ɗan Ciyaman ranar Asabar. Na ɗauraye ta a gurguje, kuma toshiyar gindinta tana yoyo tun bara.

"Allah ya saka miki da alheri da ba ki wanke ta da kyau ba, Malama Saudatu," in ji shi.

Ya nuna mini da tsinke. A kan simintin barandar, inda ni ban ga komai ba sai ƙura, akwai kiyashi sun yi ƙananan da'irori, ɗaya a nan, ɗaya can gaba taku uku, ɗaya kuma gaba. Wanda ya ɗauki kular ya cika ta da ƙanƙara, ƙanƙarar tana narkewa tana wanko sauran zoɓon tana ɗiga. Ruwan ya bushe, zaƙin ya zauna. Abin ya ɗaure mini kai, domin na bi ta wurin nan sau biyu da safen, idona biyu.

* * *

Makullan ɗakin uku ne: nawa, na Ciyaman, da na Ruƙayya, wadda ke koyar da yara islamiyya. Malam Ɗanladi ya fara da Ciyaman, a gefe, ni ina tsaye don kada a ce an yi ƙus-ƙus.

Fatihu ya yi zufa tun kafin a tambaye shi. Ya ce makullinsa yana jikin na motar haya da ya mayar jiya, ya je ya karɓo yanzu in ana so. Ya ce ya yi sallar asuba a masallacin jami'a, mutum talatin sun gan shi.

"Ni dai na ce it's risky, kuma har gobe zan faɗa," in ji shi. "Bizarmu ta ɗalibai ce, Malam. Amma in ɗauke maganin marar lafiya? Haba dai. Ni ma ina da 'ya."

Malam Ɗanladi bai kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa yake kallo. Ya ce masa ya taka daga nan zuwa famfo ya dawo. Ciyaman ya taka, yana jan ƙafar hagu kamar yadda ya saba tun da ya faɗi a babur. Malam ya yi masa godiya ya sallame shi.

Muka bi kiyashin har ƙarshen baranda, inda siminti ya ƙare, jar ƙasa ta fara. An yi ruwa kafin asuba, ƙasar ta yi laushi, kuma sawu yana nan ɓaro-ɓaro, ko ni na gan shi. Ƙaton silifas ne, da manyan haruffa a tafinsa. Mutanen da suka biyo mu a baya, duk da an hana su, suka yi shewa lokaci ɗaya, domin duk Pantai Dalam mutum ɗaya ne ke da ƙafa irin wannan.

Muntasir ya iso a guje bayan an yi masa waya, gashinsa ko tajewa bai yi ba. Ya ce silifas ɗin nasa ne, ba ya musu, na alwala ne, a bakin ƙofar ɗakin suke kwana tun watan jiya. Ya ce daga taro ya wuce shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak ya ci abinci ya tafi gida.

"Wallahi Anti, I no touch am," ya ce mini, idonsa ya kawo ruwa. "Ni fa na ce zan kai ku tasha da motata. Why zan ɗauka lah?"

Wani ya ce a riƙe makullin motarsa. Malam Ɗanladi ya tsuguna kan sawun, ya auna shi da tafin hannunsa, ya sa ɗan yatsa a gaba, ya sa a dunduniya. Sannan ya ce Muntasir ya cire takalmi ya taka kusa da shi. Ƙafar yaron ta nutse daga yatsu har dunduniya. Wancan sawun kuwa gabansa ne kaɗai ya nutse, bayansa ya ɗan shafi ƙasa kawai, kusan faɗin yatsu huɗu babu nauyi a kai.

"Takalminsa ne, ba ƙafarsa ba ce," in ji Malam. "Ƙaramar ƙafa ce a ciki."

Ya waiga, ya ɗauko wata tsohuwar robar wanki da aka yar a gindin bango, ya kife ta a kan sawun da ya fi fita, ya ɗora dutse. Ya ce mini babansa ƙwarya yake kifawa, don kada iska ko 'yan kallo su ɓata shaida.

* * *

Ruƙayya ba ta sauko ba, mu muka hau. Tana hawa na huɗu da 'ya'yanta biyu, mijinta yana gida Najeriya. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta ce makullinta yana rataye inda yake, ga shi nan a ƙusa. Ta ce ba ta fita ba tun jiya, ƙaramin ne ba ya jin daɗi. Tana magana tana gyara mayafi, idonta ja kamar wadda ta yanka albasa. Na ɗauka tausayin Rumaisa ne, domin ita ce ta fi kowa kuka duk sanda Dakta ya kawo labari.

Malam ya tsaya daga nesa yadda ya kamata, ya yi wa yaron addu'a, muka sauka. A kan matattakala ya tambaye ni ko Ruƙayya tana shuka fulawa. Na ce tana yi. Ya ce tukwanen ƙasa biyar ne a barandarta, amma zoben danshi bakwai ne a ƙasa. Ban gane inda ya dosa ba, kuma agogo ya ce tara da kwata, don haka na ce masa a gaskiya ni ba fulawa ce ta dame ni ba.

Muka koma kan sawu. Ya ratsa ta bayan bene, ya bi 'yar hanyar da muke yankewa zuwa titi. Malam yana tafe yana karanta mini ƙasa kamar mai karanta wasiƙa. A nan mai sawun ya tsaya kusa da tarin yashin masu gini, ya durƙusa, ga shatin gwiwa, ga inda aka kwashi yashi da hannu sau huɗu. A nan ya tashi a hankali. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya haɗa ƙafafu biyu wuri ɗaya, yatsu suka nutse. Malam ya ɗaga kai, karon farko da na ga ya kalli sama, ya nuna wani ganye da ya karye a reshe, can bisa kaina.

Ya ce ɓarawo, komai taurin zuciyarsa, sai ya waiga, kuma idan mutum ya waiga dunduniyarsa takan murɗa ƙasa. Ya bi sawun ɓarayi tun yana yaro bai taɓa ganin wanda bai murɗa ba. Wannan kuwa taku ɗari biyu da wani abu, gajeru, daidai da juna, a miƙe, babu waige ko ɗaya.

A bakin titi kwalta ta haɗiye komai, tayoyi sun share ɗigon. Hanya ta rabu uku: tashar bas, gadar sama, da tashar jirgin ƙasa. Na ce mu rarrabu mu nema. Ya ce mu nemi wa? Mu koma mu san ko wane ne tukuna, sannan za mu san inda ya nufa.

* * *

Da ƙarfe goma Malam ya sa aka tara su a ɗakin ƙungiya: Ciyaman, Muntasir, Dakta Zulkiflu, da Ruƙayya da na je na riƙo hannunta. Sauran jama'a suka cika taga. Malam ya jiƙa tsumma a cikin ruwa, ya riƙe shi daidai gwiwarsa, inda gindin kula yake kaiwa idan an riƙe ta a hannu, ya bar ɗigo ya faɗi kan siminti. Ya yi ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Sannan ya ɗaga tsumman bisa kansa ya sake matsawa. Wannan karon ɗigon ya fashe, ya yi faɗi, da 'yan ƙafafu kewaye da shi.

Ya ce kowa ya leƙa baranda ya duba da'irar kiyashi. Masu faɗi ne, duka. Kuma da a hannu aka riƙe kular, da ɗigon ya bi gefen sawu, dama ko hagu. Wannan a tsakiyar sawun yake sauka tun daga ƙofa har titi.

"A ka aka ɗauke ta," in ji shi. "Shi ya sa aka rusuna a ƙarƙashin mangwaro. Ku da kuke nan, wa ya isa ya ɗora kula cike da ƙanƙara a kansa, ga tukwane biyu da yashi a hannu, ya yi taku ɗari biyu a cikin taɓo da takalmin da ba nasa ba, bai zame ba? Ni kaina na manta yadda ake yi. Wannan mace ce, babba, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar tulu. Kuma ba ta ɗauki abin a matsayin sata ba."

Mu da muke taƙama da digiri, ko jakar littafi a baya muke goya ta. Malam ya juya wajen Ruƙayya, kansa a ƙasa, muryarsa a tausashe.

"Malama Ruƙayya, wace ce baƙuwarki?"

Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Sai da na ba ta ruwa ta iya magana. Wata huɗu ke nan tana ɓoye wata tsohuwa a ɗakinta, Inna Ɗelu. Ta tsince ta a masallaci ranar wata Juma'a, tana zaune tana tambayar duk baƙar fatar da ta gani ko ya ji Hausa. Ba ta da takarda ko ɗaya mai aiki. Ruƙayya ba ta gaya wa kowa ba, don kada laifin ɓoye ta ya shafi ƙungiya. Inna Ɗelu ce ta haifi Rumaisa.

Dakta Zulkiflu ya zauna a kan benci ba tare da ya duba ko akwai benci ba.

Ruƙayya ta ce tun da tsohuwar ta ji maganin farko ya lalace a bakin ƙofa ta daina cin abinci sosai. Sau uku tana roƙon a haɗa ta da Dakta ya tafi da ita, Ruƙayya tana hanawa. Yau da ta idar da sallah ta ga shimfiɗar babu kowa, makulli kuma an mayar da shi ƙusa, sai tsoro ya ɗaure mata baki. Ta ƙara da cewa duk Laraba tsohuwar tana tsayawa a taga ta kalli motar likitocin idan ta tsaya a gaban tashar jirgin ƙasa ɗaukar ma'aikatan jinya.

Malam ya ce to ai an gama. Mace da ba ta jin yaren gari, tana buƙatar inuwa da ruwa da wurin da ba za a tambaye ta komai ba har tsakar rana, kuma kusa da inda motar ke tsayawa. Ya ce in shirya, domin wurin da take shi ba zai iya shiga ba.

* * *

Muntasir ne ya kai mu. A ƙofar ɗakin sallar mata na tashar, cikin ƙananan takalma masu ado, ga silifas ɗinsa nan kamar kwale-kwale biyu, an jera su tsaf, jar ƙasa ta bushe a jikinsu.

Na shiga. Tana zaune a lungu kusa da famfon alwala, 'yar ƙaramar tsohuwa, ba ta kai kafaɗata ba, carbi a hannu, gammon da ta naɗa da ɗankwali yana kan cinyarta. Kular tana gefenta. A gabanta kuma ga tukwanen fulawar Ruƙayya, ƙaramar a cikin babbar, ta toshe hujin gindinsu da tsumma, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da rigar yaro mai danshi. Na buɗe kular. Goma sha biyu cif. Ta naɗe su a tawul ta ɗora a sama don kada su taɓa ƙanƙara su daskare, abin da na sha fama da ɗaliban jami'a kafin su gane.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da wata Hausa mai nauyi, irin ta kakanni.

"Ke ce mai maganin, 'yata? Ki yafe mini tashin hankalin da na sa ki. Da na roƙa, da kun hana."

Na ce Inna, ai kai mata za mu yi.

"Ƙofa kuke kaiwa," in ji ta. "Ni ciki zan kai."

Ta dafa tukunyar. Ta ce da irinta ta riƙe maganin yarinyar kwana arba'in a hanyar gudu, babu firji, babu wuta, wani lokacin ruwan da za ta sha take zuba wa yashin. Ni na san iskar garin nan mai danshi ba za ta ba tukunya sanyin da hamada ke bayarwa ba. Amma na san ta fi ofishin kwano nesa ba kusa ba, kuma na san a littattafaina ban taɓa karanta wani ya hana kansa ruwa don kwalba ta rayu ba. Tsoronta na ji, irin tsoron da ake ji a gaban manya.

A waje Dakta Zulkiflu ya tsuguna a gabanta ya faɗa mata gaskiya ba tare da ya rage ba. Duk wanda ya taka gaɓar tsibirin nan ba takarda, tsare shi za a yi. Ba wanda ya san ranar fita, watanni ne ko shekaru. Ya ce ta ba shi kular, ya yi alkawarin ba zai bar ƙofar ba sai ya ga an shigar da ita.

"Ka yi alkawarin za ka kwana kusa da ita?" ta tambaye shi. "Ka san warin bakinta idan ciwon ya juya? Ɗana, ni ba fita nake nema ba. Ita ma ai ba ta fita ba."

Dakta ya je ya yi magana da shugabar likitocin, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ya daɗe yana bayani da hannu. Matar ta kalli tsohuwar, ta kalli tukunyar, ta cire tabarau ta goge. Daga ƙarshe ta ce kalma ɗaya, boleh, wato an yarda, ta matsa ta ba ta wuri kusa da ita.

Ciyaman Fatihu, wanda ya biyo mu a tasi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu ban san dalili ba. Inna Ɗelu ta ɗora gammo, ta rusuna, kafin wani ya kai hannu ta riga ta aza kular a ka ta miƙe. Ta taka zuwa motar. Mutanen da ke fitowa daga jirgi suka dare mata hanya, suna kallo. Malam Ɗanladi na gefena, shi ƙafafunta yake kallo.

* * *

Sai Laraba ta zagayo muka ji sauran, daga bakin Dakta, a ɗakin ƙungiya, ba wanda ya taɓa shayinsa.

Masu gadin sansanin sun tsare Inna Ɗelu a gaɓa kamar yadda ya faɗa, suka kai ta ɓangaren mata da kularta da tukunyarta. Ta tarar da Rumaisa kwance, tana numfashi da ƙyar, matan ɗakin suna cewa barci take. Ta sunkuya ta sunsuni bakinta sau ɗaya. Sannan ta juye alluran a tukunya, ta ɗauki kular ta je bakin ƙofar ƙarfe ta zauna, ta dinga bugun ta da tafin hannu. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Sauran matan suka ɗauko kwanukansu suka taya ta. Likitocin agajin suna shirin shiga jirgin komawa da la'asar suka ji ƙarar, shugabarsu ta ce ba inda za ta sai ta gani. A jirgin nan aka fito da Rumaisa, da robar ƙarin ruwa a hannunta. Likitan asibiti ya ce da an kai washegari, da sai dai wani labarin.

Ta farfaɗo. Ranar Lahadin da ta biyo baya na je asibiti na gan ta, ta tambaye ni ina Inna, na faɗa mata, ta juya fuska bango.

Inna Ɗelu tana tsibirin har yau. Dakta ya ce mata shida ne yanzu ke ajiye maganinsu a tukunyarta, kuma mai gadin ƙofa da kansa yake miƙo sabon magani ciki ranar da ya iso, don ba ya son ya sake jin kular nan.

Da aka watse daga zaman Larabar nan, na zagaya bayan bene. Robar wankin tana nan a kife, dutsen yana kai, yara sun yi sabuwar hanya ta gefenta ba tare da an ce musu komai ba. Na tarar da Malam Ɗanladi tsugune a wurin. Na tambaye shi ko bai kamata a ɗauke ta ba tunda bincike ya ƙare. Ya ɗaga robar a hankali. Ruwan mako guda bai taɓa sawun ba: ƙaton takalmi, 'yar ƙaramar ƙafa a ciki, yatsu sun nufi titi.

"Babana ya ce in ka kama mai sawu, ka share sawun da ƙafarka," in ji shi. "Na ɗaga ƙafar sau biyu, Malama Saudatu."

Ya mayar da robar, ya gyara mata zama, ya ɗora dutsen.